Takardar Da Na Karanta A Zaure

Shafi na 17

Na ga saƙonninku. Masu zagin Lawwali a ƙasan shafin da ya wuce, ban hana ku ba. Ku dai karanta wannan tukuna.

*

"Lawwali, kai ka tsaya."

Sauran 'yan lesin suka kwashi littattafansu suka fice. Mu goma sha huɗu ne, duk waɗanda Turanci ya kayar a jarabawar gama sakandare. Asabar da Lahadi da safe muke haɗuwa a wani ajin firamare a Gusau, kan bencin yara, gwiwoyinmu a sama.

Malama Ummulkhairi ta goge allo. Daga Bungudu take zuwa, kuma ba ta wasa da motar komawa. In ta tsayar da mutum, ba hira za a yi ba.

"Kawo littafinka."

Na miƙa mata.

Ba gaba ta buɗe ba. Shafin ƙarshe ta buɗe, inda nake rubuta kalmomi ɗai-ɗai.

"Makon jiya ka tambaye ni ma'anar wannan, na ce maka ƙullutu. Kafin nan wannan, na ce gwaji. Yau kuma wannan."

"A hanya nake ganin su, Malama."

"Wace hanya ce a Gusau aka rubuta ƙullutu a bakinta?"

Na kalli allo.

"Littafin da muke yi labarin masunta ne da na jirgin ƙasa. Babu asibiti a ciki. Wa ba shi da lafiya?"

"Ba kowa."

"Na haifi kamarka. Wa ba shi da lafiya?"

Fankar ajin ba ta aiki.

Takardar tana aljihuna, cikin ledar burodi. Tare muke kwana a bayan shagon cajin waya inda nake aiki, tare muke tashi. Na zaro ta na ajiye a kan tebur. Ta yi laushi saboda ninkewa.

Malama ta gyara tabarau. Ta karanta. Ta sake komawa sama, wajen kwanan wata.

"Ta wace ce?"

"Inna."

"Mahaifiyarka?"

"E."

"Tana ina?"

"Kucheri."

"Ta koma asibitin?"

"A'a."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya karanta mata?"

Ban taɓa faɗa wa kowa ba. A Gusau ma ba ni da wanda zan faɗa wa. Mai shago ya san ni da lambar waya da lambar caja, shi ke nan.

"Ni."

"Kai?"

"A zaure. Gaban Baba Mamman, ƙanen mahaifina. Tun da Baba ya rasu shi ke riƙe da gidan. Shi ya ce a ajiye takardar sai na zo ranar Juma'a. Da na zo ya kira maƙwabta biyu, ya ce su zo su ji yaronsu. Inna tana tsaye bayan ƙofa."

"Sai ka karanta."

"Na duba. Ban gane ba. Ko layi ɗaya."

"To me ka karanta musu?"

"Hadda."

"Hadda?"

Na sunkuyar da kai.

A makarantarmu malamin Turanci ya ce labaran da ake kawowa a jarabawa maimaituwa suke yi. Ya ba mu littafin tambayoyin shekarun baya. Ni kuma abu ɗaya na iya a duniya. Yadda na haddace izu ashirin a Islamiyya, haka na yi wa labaran nan. In karanta sau arba'in, in rufe littafi, in biya. Guda goma sha ɗaya na haddace, ba tuntuɓe. Ranar jarabawa aka kawo na goma sha biyu.

Malama ta ce, "Biya min abin da ka biya musu."

"Malama..."

"Ina ji."

Na rufe ido na fara. Bakina ya san hanya. Inda malamin yake ɗaga murya na ɗaga, inda yake numfashi na numfasa. Na kai rabi ta ɗaga hannu.

"Ka san maganar me kake yi?"

"Zuma."

"Ya aka yi ka sani?"

"Akwai hoton ƙudan zuma a saman shafin."

Dariya ta taho mata, ta kai bakinta, ta tsaya a nan. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Ka riƙe takardar asibiti, ka biya musu yadda zuma ke gina saƙa."

"Suka ce kamar rediyo."

"Da suka ce ka fassara fa?"

"Na ce likita ya ce ba komai. Ta ci gaba da shan maganin da aka ba ta."

"Inna lillahi. Me ya sa ba komai? Me ya sa ba ka ce a koma a tambaya ba?"

"Baba Mamman yana murmushi."

Amsar ke nan. Ba ni da wata.

Baba Mamman bai taɓa yarda na faɗi jarabawa ba. Ya ce danne ni aka yi don ni ɗan ƙauye ne, yaron da ke zuba Turanci haka ba ya faɗuwa. Shi ya sa ya bar ni na zauna a Gusau in sake, alhali 'ya'yansa suna gona. Ranar da ya gane ba na jin Turancin, ranar zan koma riƙon fartanya.

"Malama, me ta ce?"

Ta turo min takardar.

"Ba zan karanta maka ba."

"Don Allah."

"Ka gama da a karanta maka. Jawo benci. Ina nan."

Na zauna kusa da tebur. Ta ɗora rula ta rufe komai, ta bar layi ɗaya na can ƙasa.

"Kada ka rera. Ba tilawa ba ce. Me na ce a fara nema a jimla?"

"Wanda ake magana a kansa."

"Nemo shi."

Na bi da yatsa. Kalma ta biyu na san ta, tana rubuce a ƙofar kowane asibiti.

"Mara lafiya."

"To. Me aka ce ta yi?"

Na daɗe a nan. Kalmar ta taɓa fitowa a labarin masunta, lokacin da suka juyo gida da yamma.

"Ta dawo."

"Yaushe?"

Ban buƙaci taimako ba. Lamba ce da kalmar da kowane ɗan aji ɗaya ya sani.

"Cikin... sati biyu."

"Haɗa."

"Mara lafiya ta dawo cikin sati biyu."

Shekara shida a sakandare. Wannan ce jimlar farko da na buɗe da hannuna na ga abin da ke ciki.

Malama ta janye rular zuwa sama.

"Dubi kwanan watan. Yau sati nawa?"

Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa.

"Sha ɗaya."

"Sauran zan gaya maka, don babu lokaci. Hoton da aka ɗauke ta a asibiti ya nuna ƙullutu a ƙirjinta na hagu. Ba su ce mugu ba ne, ba su ce ba mugu ba ne. Sun ce a ɗebi kaɗan a gwada, kuma kada a jira. Ka ji ni? Kada a jira."

"Na ji."

"Gobe ba na son ganinka a ajin nan. Tashi."

Na kai ƙofa ta kira ni.

"Lawwali. Kanka ba dutse ba ne. Ka ga dai yanzu ka karanta."

Ban juyo ba.

*

Ban kira waya ba. Wayar gidan a aljihun Baba Mamman take.

A tasha na samu gurbi a bayan wata tsohuwar mota, mu huɗu a kujerar mutum uku. Muka wuce dutsen Kwatarkwashi, muka tsaya a shinge, muka sake tsayawa a wani. A Tsafe direba ya sauke buhuna ya ɗauki wasu. Mutane suna ta maganar farashin gero da wanda aka tare shekaranjiya. Ni layi ɗaya nake maimaitawa, kuma wannan karon na san abin da nake cewa.

Kafin la'asar na sauka a Kucheri.

Gidan shiru. Lokacin kaka ne, kowa yana gona. Turmin Inna yana kife a jikin bango, kaza ta yi kashi a kansa. Ban taɓa ganin turmin nan a kife da rana ba.

Tana zaune a inuwar rumbu tana tsince wake a faifai. Da hannun dama kaɗai. Na hagun yana kwance a cinyarta kamar ba nata ba.

Na yi sallama na durƙusa daga nesa.

Ta amsa tana kallon wake. Ni ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona, ba ta zama hira da ni. Haka na taso. Ƙannena su hau cinyarta, ni a ajiye min tuwo a bakin ƙofa.

"Lahiya? Yau ba Juma'a ba."

"Lahiya lau."

"To mi ya kawo ka?"

Na fito da ledar burodin. Ta gane ta. Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Inna, takardar nan. Abin da na gaya muku ba shi ne a ciki ba."

Na ci gaba.

"Ban iya karanta ta ba. Ƙarya na yi. Cewa anka yi ki koma cikin sati biyu."

Na jira salati. Na jira ta ɗago ko sau ɗaya.

Ta ɗauki wata ƙwayar wake mai huji ta jefa wa kaza.

"Na sani."

Na ɗauka kunnena ne.

"Inna?"

"Kana tsammanin ma'aikatan asibiti ba su jin Hausa? Yarinyar da ta ba ni takardar, bayan labule ta ja ni. Tac ce Inna, kada ki wuce sati biyu. Har sau uku tac ce."

"To mi ya sa ba ki..."

"In ce mi? Ga wa?"

Ta gyara mayafinta ta gefen hagu.

"In tsaya gaban ƙanen ubanka in ambaci wurin da ciwon yake? Da wane baki? Na ce takarda ba ta jin kunya. A bari yaro ya zo, ita ta yi magana, ni ina bayan ƙofa."

Ta tura waken gefe ɗaya.

"Sai yaro ya zo yac ce ba komai."

"Da kin ce ba haka ba ne."

"Gaban maƙwabta? Sun cika zaure suna ta masha Allah. In leƙo in ce ɗan da anka kai birni bai san abin da yake cewa ba?"

Ta girgiza faifan, ƙaiƙayi ya tashi.

"Da na yi haka, a daren za a ɗauko maka fartanya."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Sati goma sha ɗaya ina ɗauke da leda a aljihu ina ganin ni kaɗai na san abin da na yi. Ashe mu biyu ne. Ni a bayan shago, ita a nan, ba wanda ya ce wa wani komai.

"Ya ƙaru?"

"Ba maganarka ba ce."

"Inna, turmi a kife yake."

"Hauwa na yi man daka." Hauwa ƙanwata ce, shekararta goma sha uku.

"Gobe za mu tahi Gusau."

"Da izinin wa?"

Gaskiyarta. Ba macen da ke fita gidan nan ta hau mota sai Baba Mamman ya ce to. Kuma Baba Mamman ya ji da kunnensa likita ya ce ba komai.

"Zan gaya mashi."

"Ba za ka gaya mashi ba."

Karon farko ke nan da ta ɗaga murya a kaina tun ina yaro. Ta mayar da ita ƙasa da sauri.

"Saura nawa jarabawar taka?"

"Sati biyar."

"To ka bari ka gama. Wanda ya yi sha ɗaya, biyar ba ta kashe shi. In ka gama sai a san abin da za a ce. A ce ciwon ya tashi sabo."

"Malama ta ce kada a jira."

"Malamar ta san Mamman?"

"Inna..."

"Kuma ni ba gaggawa nike ba. Matar Ɗanjuma mai shayi an kai ta, sunka yanke mata, ta dawo ba ta kai azumi ba. Na ga wurin da idona, ni na yi mata wanka."

Yanzu na ji shi, tsoron. Yana can ƙarƙashin maganar jarabawa.

"Ba a ce yanka ba. An ce gwaji."

"Kai ka karanta?"

Ta faɗe shi a hankali, ba da zafi ba. Da ta mare ni ya fi sauƙi.

"Layi ɗaya na karanta. Da kaina. Sauran Malama ta gaya man."

"Layi ɗaya."

"E."

Gefen bakinta ya motsa, ban san ko murmushi ba ne.

"To ka koma ka ƙaro. Tashi tun akwai mota. Kada ya dawo ya tarar da kai."

Ban tashi ba.

Aka kira la'asar a masallacin bakin hanya. Bayan nan motocin Gusau sai a hankali, ba direban da ke son yamma ta yi masa a dajin nan. Inna ta sani. Ta dubi rana, ta dubi ƙofa.

"Wai ba ka ji ba?"

Sai ƙarar babur a ƙofar gida. Injin ya mutu. Gyaran murya a zaure.

"Salamu alaikum. Hauwa! Kawo man buta."

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ba ta dube ni ba, amma na ji ta sarai.

"Ka ce aikin shagon caji ya kawo ka, ko kuɗin mota, ko mi. Na roƙe ka."

Ba ta taɓa roƙona komai ba.

Baba Mamman ya shigo da lauje a kafaɗa, ƙurar gero har gira. Da ya gan ni fuskarsa ta buɗe.

"A'a! Bature da kansa! Yau kuma? Ko Turancin ya ƙare a Gusau ka zo ɗiba gida?"

Na gaishe shi. Ya dafa kaina da hannu mai kaushi.

"Jiya ma nike ba su labarinka a majalisa. Na ce wannan karon ko sun ƙi ko sun so sai sun ba ka. Mi ke hannunka?"

Ledar tana hannuna. Ban ɓoye ta ba.

Inna ta ci gaba da tsince waken da ta riga ta tsince.

"Takardar Inna ce, Baba."

"Ta asibiti? Ai an gama da wagga."

"Ba a gama ba."

Ya sauke laujen.

"Ranar nan a zaure, ba ita na karanta muku ba. Wani abu ne da na haddace a makaranta. Ban san abin da ke cikin takardar ba, na ce ba komai. Yau anka nuna man. An ce a mayar da ita cikin sati biyu, a yi gwaji. Yau sati goma sha ɗaya."

Hauwa ta fito da buta, ta ga fuskokinmu, ta ajiye ta koma.

Baba Mamman bai yi ihu ba. Na fi son ya yi.

"Haddacewa," ya ce.

"E, Baba."

"Duk wanga Turanci da kake zubawa."

"Ba na jin shi."

"Jarabawar kuma?"

"Ba danne ni anka yi ba. Faɗuwa na yi."

Ya cire hula, ya duba cikinta kamar akwai rubutu, ya mayar. Sannan ya juya gefen rumbu, ba tare da ya kalli Inna kai tsaye ba.

"Yaya, jikin ya matsa?"

Inna ta ƙara jan mayafi. Hannunta na hagu yana kwance a cinyarta.

Ya ga hannun. Ya ga turmin.

"Gobe in Allah ya kai mu, motar farko. Ni zan kai ki. A shirya."

"Mamman, yaron nan saura mashi..."

"Ba maganar yaro nike ba yanzu."

Ya ɗauki buta. Ya yi taku uku wajen zaure. Na fara jin numfashina yana dawowa.

Sai ya tsaya.

Ya daɗe a tsaye, bayansa gare ni. Ruwa yana ɗiga daga bakin butar a kan ƙafarsa, bai kula ba.

"Lawwali."

"Na'am, Baba."

"Mutanen nan da sunka zo bara da mota, kan gonarmu ta bakin hanya. Sunka kawo takarda, na ba ka, kac ce ta tallahin taki ce, in dangwala yatsa."

Ya juyo.

"Ita ma haka ka karanta ta?"